Malam Abdullahin Gwandu, Malamin Da Bai Sauya Mudu Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ya san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo tun kafin ya iya haɗa baƙi. Fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi sunansa aka sa mata, hubbarensa na nan a Gwandu ana ziyarta, kuma da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da wanda ya ci sunansa ba. Amma kwanakin baya, muna zaune da 'yan uwa bayan sallar Juma'a a nan Satwa, na tambayi matasanmu abin da suka sani game da shi. Amsar ba ta wuce biyu ba: ƙanen Shehu ne, kuma ya yi yaƙi. Duka gaskiya ne. Sai dai an bar babban abu a baya. Malam Abdullahi masanin shari'a ne kafin komai, kuma abin da ya bambanta shi da mutanen zamaninsa shi ne mudun da ya auna sarakunan Gobir da shi, da shi ya auna jama'arsa bayan da mulki ya dawo hannunsu. Wannan hali ya jawo masa asara mai yawa, kuma shi ne ya sa har yau ake karanta shi.

Tasowa da karatu

An haife shi a shekarar 1180 ta Hijira, wato wajen 1766, a ƙasar da ke ƙarƙashin sarautar Gobir. Mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa, gidansu kuwa gidan malamai ne na Toronkawa. Wansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsu, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun Shehu, wanda ya zama masa malami, uba kuma abokin tafiya.

A wancan zamani babu makaranta guda da ɗalibi zai shiga ya fito da takardar shaida. Littafi ake bi. Ka ji labarin malamin da ya ƙware a wani littafi, ka ɗauki buzunka ka tafi wurinsa, in ka sauke ya ba ka izinin karantarwa, ka wuce gaba. Haka Abdullahi ya yi ta yawo tsakanin kawunnansa da sauran malaman Gobir da Zamfara. Shi da Shehu sun zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, sun kuma saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya sha nahawu da sarfu da balaga, ya yi zurfi a fiƙihun Malikiyya da usulu. Da girma ya zo, a 1812, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne. Mu da muka yi karatun zamani mun san darajar wannan: mutum ya faɗi inda ya samo iliminsa domin a iya bin sawu a tabbatar.

Tun yana matashi ya zama alƙalamin jama'ar Shehu. A shekarun da suka yi suna wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a kan barin mata su halarci majalisin wa'azi. Abdullahi aka sa ya mayar da martani, ya kuwa yi shi a waƙe da Larabci. Hujjar da ya kafa ta masu fiƙihu ce: idan ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi zamansu a gefen majalisi muni. Wajen 1788 yana tare da Shehu a Magami lokacin babbar salla, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba, sai ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi ya ga yadda malami ke tsayawa gaban sarki hannunsa babu komai na sarkin, bai kuma manta ba.

Daga zaure zuwa fagen daga

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka dagule. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana sabon shiga Musulunci, ya hana maza rawani, mata kuma lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau gado sai rikici ya fito fili. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu. Shi ya zama babban wazirin wansa.

Malamin nahawu sai ga shi yana jan runduna. Shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, inda suka karya rundunar Yunfa duk da ta fi su yawa da dawakai. Shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a watan Afrilun 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya a tsakaninmu: a cikin masu karanta wannan mujalla akwai jikokin waɗanda suka shiga birnin da jikokin waɗanda aka fitar. Kabawa sun koma sun kafa Argungu, gaba ta ci gaba shekara da shekaru, sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, ziyarar da ta haifar da bikin kamun kifin da muke alfahari da shi yau. Yaƙi ba ya barin kowa da hannu mai tsabta, kuma Abdullahi na daga cikin na farko da suka faɗi haka game da ɓangarensu.

Tsakanin waɗannan nasarori biyu an yi wata babbar asara. A Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen 1804, jama'ar Shehu sun rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200 da babban alƙalin jama'a, Muhammadu Sambo. Waɗanda suka faɗi su ne ɗaliban Degel, waɗanda suka san dalilin fitowa. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su. Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A ƙarshen 1805, a kan hanyar zuwa Alwasa, runduna ta wawashe garin Kwalde wanda ke zaman lafiya da jama'a, shugabanni suna hani ba a saurare su ba. Da aka gwabza a Alwasa sai aka sha kashi, maƙiya suka bi su har ƙofar Gwandu.

Ranar da ya juya wa rundunarsa baya

A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, runduna ta kama hanyar Alƙalawa. A kan hanya Abdullahi ya yanke shawarar da ba wanda ya zata. Ya janye jikinsa da dare tare da 'yan tsirarun abokai, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba.

Shi da kansa ya bayyana dalili a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813. Abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama. Waɗanda suka rage, a ganinsa, yawancinsu hankalinsu ya koma kan neman sarauta, tara ƙwaraƙwarai, tufafin alfarma da dawakan sukuwa a cikin gari. An yi watsi da masallatai da makarantu. Ana cin ganima ba bisa ƙa'ida ba, ana karɓar toshiyar baki, ana kama mutane masu 'yanci ana sayarwa a kasuwa, kuma akwai masu shigar alƙalai da ba su da halin alƙalai. Abin lura shi ne bai ware kansa ba. Ya lissafa kansa cikin waɗanda abin ya shafa, ya ga cewa tsira ita ce ya gudu.

Wannan shi ne mutum na biyu a daular da ke tasowa, nasara tana gab da samuwa, ya ajiye komai ya tafi. Duk wanda a cikinmu ya taɓa ɗaukar jakarsa ya bar gida domin ya gaji da ganin abin da ba zai iya gyarawa ba, ya san irin nauyin da ke zuciyar mutumin nan a wannan dare.

Abin da ya rubuta wa Kanawa

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Ya tarar da birnin bai daɗe da shiga hannun masu jihadi ba, an kori Sarki Alwali, Malam Sulaimanu na riƙe da gari. Ya kuma tarar da irin cutar da ya gudo wa. Shugabannin jama'ar Kano suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, har ya ba da labarin cewa sun farfasa kayan kiɗa, sun mayar da kwangon tambura abin zuba wa dawaki abinci. Sannan ya rubuta musu littafin da ya fi kowanne daga cikin littattafansa tasiri a kan mulki, wato Liya'ul Hukkami.

Littafin jagorar aiki ne. Ya yi bayanin hukuncin hijira, da yadda ake naɗa shugaba da abin da ke wuyansa, da mataimakan da zai naɗa kamar waziri da alƙali da mai kula da kasuwa, da hukuncin yaƙi, sannan yadda ake gudanar da shari'a da horo. Abdullahi bai ƙago sabon abu ba. Ya ɗebo daga nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa sama da shekara 300 kafin nan, da kuma littattafan alƙalan Malikiyya irin su Tabsiratul Hukkami na Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397. Gwanintarsa ita ce ya tace manyan littattafai ya mayar da su abin da sabon hakimi zai iya riƙewa a hannu.

Ƙa'idojin da irin wannan fiƙihu ya tsayu a kansu a bayyane suke. Ba a ba da muƙami don dangantaka, ba a kuma ba wanda ya nace yana nema. Alƙali ya daidaita masu ƙara a wurin zama da kallo da saurare, ko da ɗaya basarake ne ɗaya talaka. Kada ya yanke hukunci yana cikin fushi ko yunwa. Kada ya karɓi kyauta daga wanda ba ya ba shi kafin ya hau kujera. A binciki halin shaidu kafin a karɓi shaidarsu. A biya alƙali daga baitulmali domin kada idonsa ya koma kan aljihun masu shari'a. Shugaba ya riƙa bincikar ma'aikatansa, ya san abin da suka mallaka kafin naɗi da bayansa, kuma ƙofarsa ta zama a buɗe ga wanda aka zalunta. Abdullahi ya kuma ja kunne a kan mayar da shugabancin jama'a gadon gida, ɗa ya bi uba ko ya cancanta ko bai cancanta ba.

Aikina na asibiti ya koya mini dalilin irin waɗannan ƙa'idoji. Likita nagari ma yakan gaji, yakan yi kuskure, shi ya sa ake rubuta matakan da za a bi kafin a yanka mutum, a kuma sa wani ya duba. Abdullahi ya ga da idonsa cewa kyakkyawar niyya ba ta hana hannu ɗaukar abin da ba nasa ba. Maganin da ya kawo shi ne tsari a rubuce wanda za a iya kama shugaba da shi. Mu mazauna Dubai kuma, inda gidan sarauta ke bin mazhabar Imamu Malik, littattafan da ya dogara da su ba baƙi ba ne ga malaman nan.

Daga Kano ya juya ya koma wurin Shehu. Makkar da ya nufa bai taɓa zuwa ba har ya bar duniya.

Saɓani da wansa

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoban 1808, aka kashe Yunfa. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna a Sifawa, Abdullahi kuma a Boɗinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba kula da daula biyu: gabas a hannun ɗansa Bello, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, yankin da daga baya ya miƙe har Nufe da Ilori da ƙetaren Kwara.

A waɗannan shekaru ne aka yi muhawarar da ba kasafai ake ba mu labarinta ba. Shehu, ganin jama'a ta yi yawa kuma tsanani na iya tarwatsa ta, ya sassauta a wasu mas'aloli a littattafansa. Ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa mutane a kai. Abdullahi bai gamsu ba. A Liya'us Sulɗani, wanda ya rubuta a 1812, ya bi mas'alolin ɗaya bayan ɗaya: kiran shugaba da laƙabin sarauta irin na sarakunan da aka kawar, kaɗa tambura, sanya alharini da zinariya. A ganinsa waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, domin ta nan tsohuwar sarauta za ta dawo da sabon rawani. Ya saɓa wa malaminsa kuma wansa kuma shugabansa, a rubuce, da hujja, cikin ladabi. Shehu bai tsige shi ba, shi ma bai janye mubaya'arsa ba. Mai karatu na iya ganin Shehu ya fi fahimtar halin mutane, ko kuwa Abdullahi ya fi hango abin da ke tafe. Ko wanne ka zaɓa, ka ga gidan da ake jayayya da littafi ba da takobi ba.

Ƙofar da aka rufe

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilun 1817. Abdullahi na Boɗinga. Shi ne babba a shekaru, shi ne mafi zurfin ilimi, shi ne wanda ya fara mubaya'a a Gudu. Kafin ya iso, manyan jama'ar Sakkwato sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. Yana da mabiya, yana da rabin daula a hannunsa, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan wansa ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta Sabilus Salama, a kan yadda shari'a ta ce a zaɓi shugaba.

An yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja. A wannan tsakani tawaye ya ɓarke ta ko'ina. Abdussalami, tsohon almajirin Shehu, ya yi bore a Kware, Bello ya murƙushe shi a farkon 1818. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓarakar, daula ta ci gaba da cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu, har zuwan Turawa a 1903.

Alƙalami har ƙarshe

Bayan Kalambaina ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Tun kafin nan, wajen 1816, ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi sai ya rubuta taƙaitacce, Kifayatu Du'afa'is Sudan. Ya bar Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, dukansu a waƙe domin sauƙin hadda. Ya rubuta Liya'us Siyasati a kan hukunci da fatawa. Har fannin da nake ci da shi bai bari ba, domin littafinsa Masalihul Insani ya haɗa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke kiyaye lafiyar jikinsa. A 1963 Jami'ar Ibadan ta buga Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett, ga masu son karanta labarin daga bakin mai shi.

Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, aka rufe shi a can. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Malam Halilu ya hau a 1833 ya yi shekara 25, kuma sarautar Gwandu tana gidansa har gobe. Mutumin da ya yi gargaɗi a kan gadon sarauta, zuriyarsa ce ke kan gado kusan shekara 200. Tarihi ya bi ta inda ya ji tsoro, wannan kuwa bai rage wa gargaɗin nasa ƙarfi ba.

Abin da ya rage mana

'Yan uwa na gida da na waje, sukar sarkin wani gari abu ne mai sauƙi. Mu da ke ƙetare mun ƙware a kai: kullum muna cikin waya muna lissafa laifin gwamna da ɗan majalisa da alƙali. Malam Abdullahi ya yi abin da ya fi wannan wuya. Ya faɗi laifin mutanensa lokacin da suke kan nasara, ya sa kansa a ciki. Da ya fusata ya bar gida, bai tsaya ga fushin ba, ya zauna ya rubuta yadda za a gyara, ya kuma koma. Da aka hana shi abin da yake ganin ya cancanta, bai rushe gidan ba.

Muna da wuraren da za mu gwada wannan ba sai mun jira Abuja ba. Kuɗin da muke tarawa don rijiya ko ɗakin haihuwa a gida, wa ke duba lissafinsu, kuma muna yarda a duba na ɗan uwanmu kamar yadda muke so a duba na wani? Idan rikicin gado ko na fili ya taso a danginmu, muna barin alƙali ya yi aikinsa, ko muna aika kuɗi daga nan a nemi wanda ya san shi? Idan aka yi zaɓen shugabannin ƙungiya ba mu ci ba, muna ci gaba da biyan kuɗin wata? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya fi kusa da Malam Abdullahi a kan wanda ya haddace sunayen yaƙoƙinsa. In Allah Ya kai mu hutu gida, mu kai yaranmu Gwandu su ga hubbaren, mu kuma gaya musu cewa wanda ke kwance a nan ya taɓa barin rundunarsa a kan hanya saboda an taɓa haƙƙin talaka.